Neman kalmar Hausa: me zamu kira dijitaizin a harkar surfanin inji?

Jama'a masu keke da allura da masu sha'awar harshe ku matso kusa, akwai kalmar da ta daɗe tana min tsaye a rai. Duk wanda ya taɓa injin surfani na kwamfuta, wanda wasu ke cewa injin monogiram, ya san kafin allura ta motsa sai wani ya zauna gaban manhaja irin su Wilcom ko Hatch ko PE-Design na kamfanin Brother ko Ink/Stitch da ake samu kyauta, ya yi wani aiki da Turawa ke kira dijitaizin. Toh mu haka muke ta faɗarsa a karye, kuma matsalata da kalmar ba wai don baƙuwa bace, ai kwamfuta da intanet ma baƙi ne mun karɓe su hannu biyu, matsalar ita ce bata faɗa wa mai koyo komai game da aikin, har ma ɓatar dashi take yi.

Bari in fara da menene aikin don kar mu raɗa wa abin da bamu gane ba suna. Injin surfani baya ganin hoto. Ko ka saka masa hoton fure mafi kyau a filashi bazai san me zai yi dashi ba, abin da yake karantawa jerin umarni ne kawai, matsa dama kaza, matsa sama kaza, soka allura, tsaya a canja zare, yanke. Fayil ɗin DST na kamfanin Tajima wanda kusan duk manyan injina ke karantawa, ko kalar zare baya ajiyewa, kawai yana cewa tsaya nan a sauya, kuma awonsa kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, motsi ɗaya baya wuce milimita 12.1. Brother nada nasu PES, Janome nada JEF, amma duk jirgi ɗaya ya kwaso su, jerin motsi ne. Kenan mai wannan aikin shine yake yanke shawarar inda allura zata fara, ta ina zata bi, zaren zai kwanta a tsaye ne ko a karkace, wace kala zata riga wata, da kuma inda zata ƙare. Shi muke nema wa suna.

Shawara ta farko da aka kawo min ita ce a bar shi a zane ko zayyana kawai. Malam na gode amma ban gamsu ba, domin zane daban wannan daban. Mutum zai iya zana tambari mai kyau a Inkscape ko CorelDraw kuma bai san komai akan zare ba, sai wani ya karɓa ya mayar dashi abin da inji zai ɗinka. In muka kira su duka zane toh ran da aiki ya lalace bamu san wa zamu tuhuma ba, mai zanen ko mai shirya wa injin.

Wani ɗan'uwa kuma yace tunda asalin kalmar daga lambobi take a ce lambantawa. A ilmance yana da gaskiya, amma gaskiya ba tela ɗaya da zai faɗi wannan a bakin aiki, kuma ko sikanin takarda kayi ai ka mayar da ita lambobi, kaga bata ware aikinmu daga sauran ba. Na wuce ta.

Akwai tsofaffin hannu da suka ce su fancin suka sani, kalmar Turanci mai nufin hudawa, kuma wannan tana da tarihi mai daɗi. Tun 1804 masaƙar Jacquard a Faransa take aiki da kati mai huji, a 1863 Isaak Gröbli ya ƙera injin surfani na Schiffli a Suwizalan, daga baya irin waɗannan injinan suka koma karanta doguwar takarda mai huji, kowane huji umarni ne. Mai aikin huda takardar yake da gaske shi yasa sunan ya bi shi har bayan da kwamfuta ta karɓe aikin wajen 1980. Toh in zamu fassara sai mu ce huji ko hudawa, amma yaron da ya fara koyo yau bai taɓa ganin wannan takardar ba, in kace masa je kayi huji yadi zai huda.

Wadda ta fi bani tsoro ita ce juya hoto, ko mayar da hoto ɗinki, kuma ita mutane suka fi so saboda sauƙinta. Hajiya da kika kawo ta kiyi haƙuri, wannan ita ce ainihin fahimtar da nake so mu kashe. Ita ce take sa mutum ya sayi inji yana zaton maɓalli ɗaya zai danna hoto ya zama surfani. Eh manhajojin suna da wannan maɓallin, kuma akan zane mai sauƙi mai kala biyu uku yana ɗan taɓukawa, amma bai san akan me zaka ɗinka ba. Bai san zare yana jan yadi ya matse shi ta inda ya kwanta ba, shi yasa in ka zana da'ira daidai wa daida ba ka ƙara mata faɗi kaɗan ta gefen da zaren ke ja ba sai ta fito kamar ƙwai, layin da ya kamata ya zagaye ta ya bar giɓi. Bai san tawul yana haɗiye zare ba sai an ɗora leda mai narkewa a ruwa a samansa, bai san riga mai talewa tana son madogarar baya, wato abin da ake sawa a bayan yadi ya riƙe shi, wadda ake yankewa da almakashi ba irin wadda ake yagewa ba, bai san hula mai baki daga tsakiya ake farawa a fita gefe ba don kar yadin ya tattare. Duk wannan hankalin mutum ne, kuma kalmar da zamu zaɓa dole ta nuna akwai mai tunani a wajen, ba juyi bane kawai.

Ni abin da na tsaya akai shine tsara takun allura. Mai aikin kuma mai tsara taku.

Ku saurari dalilina. Na fara tunanin suka ne, sukar allura, tunda allura sokawa take, amma suka ɗigo ɗaya ne, bata da tsawo bata da alkibla, ga shi kuma in kace mai tsara suka wani zai ɗauka mai kushe mutane kake nufi. Taku kuwa yana da tsawo, yana da inda ya dosa, yana da na farko da na biye, kuma daman can muna cewa tela yana taka keke, kalmar ba baƙuwa bace a wajen masu sana'ar. Sannan Bahaushe in yace wane ya iya taku ai dabara yake nufi da sanin inda zaka sa ƙafa, wanda shine zuciyar wannan aikin gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge ni ma shine yadda take haihuwa, domin kalmar da bata haifar da wasu ba wahala take bayarwa a wajen koyarwa. Adadin da manhaja ke nuna maka a gefe, wanda dashi ake ƙiyasta lokacin da aiki zai ci, sai ya zama yawan taku, kace tambarin nan taku dubu takwas ne kuma injin yana yin ɗari takwas a minti kaga wajen minti goma kenan banda canjin zare. Tsawon taku ya fito da kansa. Inda allura ke barin wani yanki ta koma wani ba tare da ta soka ba, ta bar zare a miƙe da sai an yanke, wannan tsallake ne, kuma gwani shine mai rage tsallake. Ɗinkin da ke bin layi ɗaya sai mu ce takun bin layi. Wanda ke kai da komo gefe zuwa gefe yana sheƙi, irin na haruffa da bakin zane, takun kai da komo, kuma ga darasi nan take, in faɗinsa ya kusa santimita ɗaya zaren zai yi sako-sako ya dinga maƙalewa, sai a koma takun cike wanda ke rufe babban fili da gajerun taku a jere. Cunkoson da ake aunawa, wanda galibi ake barin wajen milimita 0.4 tsakanin layi da layi in zaren mai lamba 40 ne, sai mu ce matsin taku, in ya yi yawa yadi ya sandare allura ta karye zare ya yi ta tsinkewa, in ya yi kaɗan a hango yadin ta ƙasa. Shi kuma ɗinkin farko da ake yi a ƙasa wanda ba a ganinsa, mai riƙe yadi da madogara ya ɗaga na sama, ni shimfiɗa nake ce masa, kuma har yanzu ban ga wanda na faɗa wa bai gane ba.

Har bayanin da ya fi wahalar shiga kan masu koyo ya zo da sauƙi. Me yasa ba a ɗaukar fayil ɗin DST a ninka girmansa? Saboda yawan takun bai ƙaru ba, tazararsu ce kawai ta buɗe. A rage shi da yawa kuma takun su hau kan juna. Da kalmar juya hoto bazaka iya wannan bayanin ba, don hoto kowa ya saba ja yake ya girma.

Wani malami ya kawo gyara mai ƙarfi kuma na karɓa, yace a rubuce taku ɗin nan yana iya rikicewa da taku ta mallaka, kamar a ce wannan rigar taku ce, sai mai karatu ya ga tsara taku ya ɗauka cewa ake ku tsara naku. Gaskiya ne Malam, Allah ya ƙara basira. A baki ba matsala, a rubuce ne kawai, shi yasa nake ganin a kan allo da cikin littafin koyarwa a dinga rubuta shi cikakke, tsara takun allura, gajeren kuma a bar shi wa hira tsakanin masu sana'a. Wata 'yar'uwa ma tace ya yi tsawo, kalma uku a madadin ɗaya. Eh ya yi, amma ki gwada faɗa a jimla kiji, na tura masa tambarin ya tsara min taku, ko kuma takun nan bai tsaru ba shi yasa haruffan suka cushe. Bai fi dijitaizin nauyi a harshe ba ko kaɗan.

Saura wancan maɓallin da manhaja ke yin aikin da kanta. Ina tsakanin takun manhaja da taku kai-tsaye, na fi karkata ga na farkon don yana nuna wanda ya tsara, sai ya zama muna da takun hannu da takun manhaja, mai saye ma ya san me zai tambaya kafin ya bada yadinsa. Masu koyar da aikin nan ku gwada su akan ɗalibanku ku faɗa mana wanne ya fi zama a bakinsu.