Varg Veum da ire-irensa: da littafi kuka fara ko da fim?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na karanta littattafai uku na Gunnar Staalesen a kan Varg Veum, mai binciken nan mai zaman kansa na birnin Bergen a Norwe. Da na kalli fim ɗin sai na ji kamar an sauya min mutum. Veum na littafi haihuwar 1942 ne, tsohon ma'aikacin kula da yara, shi ya sa duk lamarin da ya shafi yaro yake cin ransa. Trond Espen Seim da ya fito a matsayinsa kuwa haihuwar 1971 ne, ga gashi har wuya, ga zafin nama. Akwai wanda hakan ta faru da shi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni da fim na fara, kuma duka goma sha biyun da aka yi daga 2007 zuwa 2012 na kalla, bayan yara sun kwanta. Yanzu ko littafin na buɗe, fuskar Seim nake gani, ta ƙi gushewa. Amma gaskiya, Malam, fim bai iya ɗauko zancen zucin Veum ba. A littafi da bakinsa yake ba ka labari, kana jin kaɗaicinsa a ofis, yana jiran wayar da ba ta ƙara ba. A fim sai dai a nuna shi yana kallon taga.

Abu Hanif: Na je Bergen taro na kwana huɗu, ruwa bai ɗauke ba ko yini ɗaya. A titin Strandkaien, daf da kasuwar kifi, akwai mutum-mutumin Veum na tagulla a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa. Na tsaya a gabansa takalmina sharkaf, a nan na yarda duhun da ke fim ɗin ba ƙari aka yi ba.

Binta Maraɗi: Ku leƙa Finlan ma. Akwai Jussi Vares na marubuci Reijo Mäki, shi ma mai bincike ne mai zaman kansa, a birnin Turku. A finafinansa an sauya jarumi a 2011, Antti Reini ya karɓi Juha Veijonen, sai da na kalli biyu kafin idona ya saba. Shaye-shayen ya yi yawa dai, ba na kallo da ƙannena.

Ɗan Zariya: Maman Ilham, zancen zucin nan shi na rasa. Binta, wanne zan fara da shi?