Shirun yaro a aji da shirun babba a taron aiki: me kuka gani da idonku?

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki ya ba ni labarin yadda ta kaya masa. Aiki ne ya kai mu ƙasar da ba a jin harshenmu. 'Yata ta shiga ajin rainon yara, kuma tun da ta shiga ba ta buɗe baki ba, alhali a gida surutunta har sai an ce ta bari. Malamarta ta kira ni, cikin mutunci dai, ta ce mu dakatar da yi mata Hausa a gida har sai harshen makaranta ya zauna mata. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba. Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne ni ma haka nake a ofis. In an zauna taro ina da abin faɗa, amma kafin in harhaɗa maganar an riga an wuce wurin, har shugabanmu ya rubuta cewa ba na ba da gudummawa.

Malama Mai Alli: Wa alaikumus salam, Maman Auta. Don Allah kar ki daina yi mata Hausa. Na daɗe ina koyar da ajin da yaransa suka fito daga gidaje masu harsuna daban-daban, kuma wannan shirun na gan shi sau ba adadi. Yaron da aka jefa cikin sabon harshe yakan yi makonni, wani ma watanni, yana sauraro kawai. Akwai wani yaro da na taɓa samu, ba ya amsa ko sunansa da ƙarfi, amma in ana rera waƙar safe sai in ga leɓensa na motsi yana bin kalmomin a ɓoye. Ranar da ya fara magana ba da ni ya yi ba. Abokin zamansa ne ya ɗauke masa fensir, sai ga cikakkiyar jimla ta fito, ba gyara.

Abin da iyaye da malamai ba su cika sani ba shi ne harshen wasa daban, harshen darasi daban. Wani masanin ilimi a Kanada, Jim Cummins, ya nuna cewa yaro baƙo yakan iya hirar yau da kullum cikin kamar shekara 2, amma kafin ya kamo tsararrakinsa a harshen karatu da rubutu sai ya yi shekara 5 zuwa 7. Kuma abin da ya sani a harshen gida ba ya ɓacewa. Yarinyar da ta iya ƙirga, ta iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, sabbin sunaye kawai za ta koya, tunanin yana nan. Tun 1953 hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa.

Baban Yara Uku: Ni Hausa nake yi wa yarana, uwarsu tana yi musu Larabci, makaranta kuma da Faransanci. Tsarin kowane mahaifi da harshensa tsoho ne. Wani masanin harshe Bafaranshe, Jules Ronjat, ya rubuta a 1913 yadda shi ya riƙa yi wa ɗansa Faransanci, matarsa kuma Jamusanci, yaron ya tashi da duka biyun. A gidana ya yi aiki, amma zan faɗi gaskiya, da wahala. Babbar ta kama duka ukun. Na tsakiya yana jin Hausa sarai, sai dai in na tambaye shi da Hausa ya amsa da Faransanci. Ba na tsawata masa. Sai in maimaita abin da ya faɗa da Hausa in ci gaba da hirar. Game da cakuɗa harsuna a jimla ɗaya kuwa, kar ya tsorata ki. Na lura yarana ba sa cakuɗawa sai da wanda suka san yana jin duka, in suna gaban malaminsu tsantsar Faransanci suke yi.

Ɗan Tsakiya: Yaya Maman Auta, ni ne yaron da aka bi wa irin wannan shawara. An faɗa wa iyayena su koma Turanci a gida, suka koma, don suna so in ci gaba. Na ci gaban, ban musa ba. Amma kakata ta rasu ban taɓa yin hira da ita ta minti biyar ba. In an miƙo mini waya sai in yi gaisuwar da na haddace, ta amsa, ta ƙara wata magana mai tsawo cikin dariya, ni kuma in miƙa wa mahaifiyata wayar. Har yau ban san abin da take cewa ba. Hausar da nake rubuta muku yanzu da girmana na zauna na koya, kuma duk wanda ya ji ni ya san koyo na yi. Turancin da aka ji tsoron ba zan iya ba, ai ko an bar ni makaranta da unguwa sun isa su koya mini.

Hajiya Mai Jinya: Allah ya jiƙan kakarka, ɗana. Ni ɓangaren aikin zan taɓa. A sashen da nake jinya ma'aikata daga nahiyoyi uku muke, kuma na gane cewa ko an haɗu a harshe ɗaya ba a haɗu a salon magana ba. Wata abokiyar aikina in ta ga kuskure a takardar magani kai tsaye take cewa likita ya yi kuskure. Wata kuma, wadda ta fi ta ƙwarewa, sai ta ce, "Likita, ko za a sake duba nauyin majinyacin nan?" A wurinta ta gama faɗa masa adadin maganin ya yi yawa. Shi kuwa ya ɗauka tambaya ce, ya ce an auna da safe, ya wuce. Da ba ta bi shi har ƙofa ba da an ba da maganin. Wani masanin al'adu Ba'amurke, Edward Hall, ya yi bayanin wannan a 1976: akwai al'ummomin da ke zuba duk ma'ana a cikin kalmomi, akwai waɗanda ke barin rabinta a yanayi da sautin murya. Babu wanda ya fi wani hankali. Abin da muka yi bayan nan shi ne muka amince cewa a kan magani kowa zai faɗi lamba ƙarara, wanda aka faɗa wa ya maimaita.

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya, amma ina so a ji ɗaya gefen. Akwai aikin da dole kowa ya koma harshe ɗaya da lafazi ɗaya, ko ransa na so ko ba ya so. A 1977 jirage biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiyar kula da jirage na cikin dalilan. Shi ya sa a sufurin sama aka tsaurara kalmomin da ake amfani da su. A wurin gini ma haka nake yi, in ana ɗaga kaya da ƙugiya umarni ɗaya ne da alamar hannu ɗaya. Inda ban yarda ba shi ne a hana ma'aikata yin harshensu lokacin hutu. Wani wurin da na yi aiki sun yi haka, wai don haɗin kai, sai mutane suka koma cin abinci a ɓoye rukuni-rukuni.

Shugabar Sashe: Ƙanwata Maman Auta, ki nemi shugabanku ya riƙa turo batutuwan taro tun kafin ranar. Ni haka nake yi wa mutanena, kuma in an zauna ina bin kowa da suna maimakon in bar wa mai saurin baki fili. Wanda ya fi son ya rubuto ra'ayinsa bayan taro ina karɓa. Shawarar da ta fi ceton mu kuɗi a bara daga wani ma'aikaci ta zo wanda shugaban da ya gabace ni ya rubuta wa "ba ya magana".

Mai Gyaran Magana: Aikina duba yaran da magana ta yi musu jinkiri, don haka bari in ƙara abu biyu. Masu cewa a ba yaro waya ya koyi harshe, a 2003 wata masaniya, Patricia Kuhl, da abokan aikinta sun gwada jarirai 'yan wata 9 a Amurka da harshen Mandarin na Sin. Waɗanda mutum ya zauna ya yi wasa da su sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko murya kaɗai ba su koya ba. Na biyu, harshe biyu ba ya haddasa matsalar magana. Yaron da ke da matsalar gaske za a gan ta a duka harsunansa, shi ya sa in ina ƙirga kalmomin yaro nake haɗa na gida da na makaranta. 'Yarki tana zuba a gida, wannan alama ce mai kyau. Amma duk wadda ɗanta ya yi shiru a gida da waje, ko ba ya juyowa in an kira shi ta baya, kar ta zauna jira ana ce mata harsuna ne suka yi masa yawa. Ta kai shi a fara gwada jinsa.