Horon koyon aiki (IT) a gareji ko a ofis? An kwana ana yi

Auwal: Jama'a raina a ɓace yake. Wata shida na yi ina SIWES, wato IT, horon koyon aiki na ɗalibai, a wani ofis a nan Bauchi, ko sifana ban riƙe ba. Aikina sayo wa oga masa da safe, sai ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur. Abokina da ya je gareji ya sauke injin tifa, ya mayar da hannunsa, yanzu maigidan na jiran ya gama makaranta ya ɗauke shi. Ƙannenmu 'yan aji huɗu masu karatun injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), ku nemi inda za ku taɓa ƙarfe, ko da wurin bakanike ne.

Sadiq: Bakanike? Shekara biyar kana fama da lissafi don ka koma ƙarƙashin mota? Haba Auwal.

Malam Garba: Ɗana Sadiq, gyara bakinka. Shekarata 30 ina kanikanci, da shi na biya wa 'ya'yana biyu kuɗin jami'a. Masu digiri nawa suka zo wurina ba su san inda fulogi yake ba?

Sadiq: Allah ya huci zuciyarka Baba, ba raini ba ne. Amma injiniya zana injin yake yi, bakanike gyarawa.

Maryam: To wa ya ce kai injiniya ne? Sai COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ta yi maka rajista tukuna. Mu 'yan kwalejin fasaha ta tarayya mun fi ku aikin hannu, kowa ya sani.

Sadiq: Wa ya sani? Kawo hujja.

Maryam: Ka je ka tambaya.

Buba: Ku dai ku faɗi gaskiya, ba ku da masana'anta ne. Tun da masana'antar haɗa motoci ta Steyr ta tsaya me ya rage muku? Mu a Gombe ga simintin Ashaka, ga madatsar Dadin Kowa mai ba da lantarki megawat 40.

Nura: Kafin 1996 kai ɗan wace jiha ne? Daga jikinmu aka yanke ku. Kuma man fetur ɗin Kolmani namu ne.

Buba: Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe yake, kada ka soma.

Auwal: Don Allah ni maganar inda yara za su yi IT na kawo.

Malam Garba: Ni dai har yanzu ban ji an janye kalmar nan ba.

Shugaban zaure, Nura: To a tsaya haka, dare ya yi. Abin da aka cimma: Sadiq ya yi kuskure, ya ba Malam Garba haƙuri gobe. Maganar Maryam ba hujja. Masu cewa Bauchi ba wurin koyon aiki kuwa, su zo su ga madatsar Gubi da ke ba gari ruwa, sannan su tuna a ATBU yaransu da yawa ke karatu. Auwal, ka sake kawo taka ranar Asabar.