Muhawara: Bashin dillali yana ninka riba ne kawai ga wanda ya zaɓi kamfani nagari?

Mai Buɗe Zance: Assalamu alaikum, jama'a. Ra'ayina shi ne tsoron da ake yi wa sayen hannun jari da bashin dillali ya wuce kima. Idan mutum yana da dala 10,000, dillali ya ranta masa wasu 10,000, ya sayi hannun jarin dala 20,000, sannan farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100, ribarsa dala 4,000 ce, wato kashi 40 cikin 100 na ainihin kuɗinsa kafin a cire kuɗin ruwa. Wanda ya yi bincike ya tabbatar kamfanin nagari ne, ban ga abin da zai hana shi ninka ribarsa ba, tunda ko farashi ya faɗi zai sake tashi.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, amma kalmarka ta ƙarshe ita ce inda matsalar take, domin wanda ya ci bashin dillali ba shi ne yake yanke ranar sayarwa ba. Hannun jarin da ya saya su ne jinginar bashin. A Amurka doka ta ba mutum damar ranto rabin kuɗin saye, kuma hukumar FINRA mai sa ido kan dillalan hannun jari ta wajabta cewa rabonsa, wato abin da ya rage bayan an cire bashin, kada ya gaza kashi 25 cikin 100 na darajar abin da ke cikin asusun. A misalinka, da zarar dala 20,000 ɗin sun koma 13,333, wato faɗuwar kashi ɗaya bisa uku, rabonka ya iso wannan iyakar, dillali zai nemi ka cike giɓin, in ba ka da shi ya sayar. To, tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris na 2020, lokacin annobar korona, ma'aunin S&P 500 na farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka ya faɗi da kusan kashi 34 cikin 100, kuma kafin ƙarshen Agusta ya zarce inda yake a da. Wanda ya saya da kuɗinsa ya yi haƙuri ya dawo da komai. Wanda ya ranci rabi ya saya daf da fara faɗuwar kuwa an sayar masa daf da ƙasan rami, hasashensa game da kasuwa ya tabbata, amma ba ya ciki lokacin da ya tabbata.

Mai Buɗe Zance: Malama, annoba ba kullum take zuwa ba. Bai kamata a gina hukunci a kan wata guda na tashin hankali ba.

Tsohon Dillali: Ƙanena, ba wata guda ba ne. Kafin faɗuwar kasuwar New York a Oktoban 1929 mutane da dama suna biyan kashi 10 cikin 100 ne kawai su ranci sauran, shi ya sa da farashi ya fara gangarowa sai sayarwar dole ta haifi wata sayarwar dole, har ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin Amurka ya rasa kusan kashi 89 cikin 100 zuwa 1932. Wannan ne ya sa dokar 1934 ta ba Babban Bankin Amurka ikon ƙayyade yawan abin da za a ranta. Irin wannan sayarwar dole aka sake gani a Sin a 2015. Kuma kada a ɗauka ƙananan masu zuba jari kaɗai abin yake ci: a Maris na 2021 kamfanin zuba jari na Archegos, mallakar Bill Hwang, ya kasa cike giɓin da bankuna suka nema bayan faɗuwar hannun jarin kamfanin watsa labarai na ViacomCBS da ya saya da bashi, bankin Credit Suisse shi kaɗai ya yi asarar kimanin dala biliyan 5.5.

Sabon Shiga: Baba, ni abin ya taɓa ni da kaina. Na ga saƙon dillalina da dare yana neman ƙarin kuɗi, na ce da safe zan tura. Da na buɗe asusun da hantsi, rabin abin da na mallaka ya tafi, kuma dillalin ya zaɓi waɗanda na fi so ya sayar. Na koma na karanta yarjejeniyar da na sa wa hannu ban duba ba, sai na tarar a rubuce cewa yana da ikon sayarwa ba tare da ya jira ni ba, yana kuma da ikon ɗaga iyakar a kowane lokaci.

Mai Buɗe Zance: Allah Ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Na yarda ranto rabi ganganci ne. Amma mai dala 10,000 da ya ranci 2,000 kacal, sai farashi ya faɗi da kusan kashi 78 cikin 100 kafin a taɓa shi. Ashe laifin na yawan bashin ne, kuma kaɗan ba ya cutarwa.

Malamar Lissafi: A nan na matso kusa da kai, Malam, da sharuɗɗa biyu. Na farko, lissafin kashi 78 ɗin ya dogara ne ga iyakar kashi 25, alhali dillalai da yawa suna neman 30 ko fiye, kuma a kan kamfani guda mai yawan hawa da sauka suna iya hana bashin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa GameStop, kamfanin sayar da wasannin bidiyo, a Janairun 2021. Na biyu, kuɗin ruwa yana gudana kowace rana, ko kasuwa ta tashi ko ta kwanta, saboda haka ribar da ta rage a kan dala 2,000 ita ce bambancin da ke tsakanin abin da hannun jarin ya kawo da abin da dillali ya karɓa, kuma a wasu shekarun bambancin yana komawa asara.

Tsohon Dillali: Ni abin da na gani a wurin aiki shi ne da wuya mai 2,000 ya tsaya a 2,000, domin duk lokacin da farashi ya tashi asusun yana nuna masa cewa an ƙara masa damar rance. Ƙanena, ka faɗa mana, a ranar da aka nemi ka cike giɓi cikin sa'o'i, daga ina kuɗin zai fito?

Mai Buɗe Zance: Daga ajiyar da na keɓe, Yallaɓai. Amma na ga inda tambayar ta dosa, domin in ina da wannan ajiyar, da ita ya kamata in saya tun farko. Zan sake lissafin da kuɗin ruwan dillalina in kawo muku gobe, in Allah Ya yarda.