Ɗiyata ta faɗi BAC, kwana shida ke nan ba ta fito tsakar gida ba

Uwa daga Bukoki, Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗiyata ta fari, shekararta 18, ta yi BAC D bana, wato jarrabawar gama sakandare a ɓangaren kimiyya. A zagayen farko ta samu 8 da ɗoriya bisa 20, aka tura ta zagaye na biyu, nan ma ba ta kai 10 da ake ci da shi ba. Tun tana ƙarama ba ta da zance sai likita. In muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, sai ta nuna mini jami'ar Abdou Moumouni ta ce can za ta. Ranar da sakamako ya fito, maƙwabta na guɗa don tasu ta ci, ita kuwa ta tattara littattafanta ta cusa cikin buhun shinkafa ta tura ƙarƙashin gado. In na kai mata tuwo, haka nan nake ɗauko shi. Babanta ya ce kuɗin da ya zuba a lekwal sun isa, ga ƙannenta uku a baya. Ni kuma na rasa bakin magana. Yaya zan yi?

Malamin lise (babbar sakandare), Yamai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya kai zagaye na biyu ba daƙiƙi ba ne, a bakin ƙofa ya tsaya. Ku karɓo takardar makinta ku duba darasi darasi. A D, lissafi da fizik-shimi da SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) su ke da nauyi; ɗaya daga ciki in ya zame, sai ya janyo sauran ƙasa. Sau da yawa ciwon wuri guda ne, iyaye su yi ta kuka kamar jiki duka ya ruɓe. In za ta sake, ta koma aji ta zauna. Ban cika son a yi rajista daga gida ba ga yarinya irin wannan: ba mai tambayar ta aiki, ga wanke-wanke, ga aike, kafin a ankara watan jarrabawa ya zo. Kuma ku kai wa Alhaji takardar ya gani da idonsa. Namiji ya fi jin lissafi da roƙo.

Tanti daga Tawa:
Malam, duk gaskiya ne, amma ba yau ba. Yarinyar da ba ta ci tuwo ba ita za a shimfiɗa wa maki a gaba? 'Yar uwa, ki daina ce mata "yi haƙuri", ta ji ta gaji. Ki shiga ɗakin da tiren wake ki zauna kusa da ita kina tsinta, ko uffan kada ki ce. Ni haka na yi da nawa, rana ta uku shi ya fara magana. Ki kuma tare masu zuwa jaje, don rabinsu kallo ya kawo su. In da kaka ko gwaggo a wani gari, ta je ta yi sati biyu, ta huta da guɗar maƙwabta.

Ma'aikaciyar jinya:
Ni da BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, na shiga makarantar kiwon lafiya, ga ni ina aiki. Hanya ce, ku sa ta cikin lissafi. Abu ɗaya dai, Hajiya: in rashin cin abincin ya zarce, ko ba ta barci, ko kika ji ta ce gara ta mutu, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta likita ranar nan.

Malamin lise:
Hanya ce, amma kada a zaɓa mata. In aka tura ta don a huta da zancen, za ta riƙe abin a rai.

Uwa daga Bukoki:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Tanti, na gwada naki jiya bayan la'asar. Ba ta ce komai ba, amma ta sa hannu cikin waken, da dare kuma ta sha fura. Da safen nan ta tambaye ni ko Baba na fushi da ita. Na ce mata a'a, alhali ban tambaye shi ba. Yau in ya dawo daga kasuwa zan same shi kafin ta rigaye ni.