Ƙanwata na da cikin wata biyar, an ce kansar huhu ce, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Daga Daura nake, kuma yau kwana uku rabona da barcin kirki. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 31, 'ya'yanta uku, ga cikin na huɗu sati 22 a lissafin sikanin. Tun kafin ta samu cikin take tari. Muka ce sanyi ne, muka ce ƙurar hunturu ce. Da ta soma rama aka kai ta wani asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce tarin fuka ne, alhali gwajin kaki bai nuna komai ba. Wata uku tana haɗiyar ƙwayoyin nan kowace asuba, fitsarinta ya koma ja kamar jiƙon zoɓo, tari kuwa ko gezau. Sai murya ta dishe. Sai wani ƙulli kamar ƙwallon magarya ya fito mata a saman ƙashin wuya. A Katsina aka tsaga wurin aka ɗebi tsoka, ranar Litinin sakamako ya fito: kansar huhu.

Yarinyar da ko warin taba ba ta so, mijinta ma ba ya sha.

Yanzu gida ya rabu. Surukarta ta ce ba za a sa mata kemo, wato maganin kansa da ake ɗurawa a jijiya, da ciki ba, zai kashe ɗan. Kawunmu ya ce a jira cikin ya kai wata bakwai a yi mata aiki a ciro ɗan a sa a kwalba, sannan a soma magani. Mijinta ya kasa cewa komai, sai zaman zaure. Ita kuma ba a faɗa mata sunan ciwon ba, Inna ta hana. Ni da na duba a waya na ga ana cewa masu wannan ciwon ba sa rufa shekara, sai na kife wayar.

Shin dole sai an zaɓi ɗaya tsakaninta da ɗan? Kemo yana kashe ɗan ciki? Kuma mu faɗa mata ko mu yi shiru?

'Yar Ƙofar Sauri: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya, ya raba lafiya. Ba ni da ilimin abin, amma ina tare da ku da addu'a.

Wani likitan mata, Katsina: 'Yar uwa, sannu da ƙoƙari. Ban ga takardunta ba, don haka likitocin da ke duba ta su ne da magana ta ƙarshe. Amma zan faɗa miki abin da bincike ya nuna, mai daɗi da marar daɗi.

Tambayarki ta farko: a sati 22, galibi ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Lokacin da kemo ke da babban haɗari ga ɗan ciki shi ne watanni ukun farko, sa'ad da ake halittar zuciya da gaɓoɓi. Ita ta wuce nan. Daga wajen sati 14 ana ba masu ciki wasu nau'o'in kemo, kuma ga kansar huhu an fi amfani da kaboplatin haɗe da paklitaksel. Akwai waɗanda ake gujewa, kamar pemetireksed, don yana hana jiki amfani da sinadarin folik asid da ɗan ke buƙata. A 2015 Farfesa Frédéric Amant na ƙasar Beljiyom da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar yara 129 da aka gano iyayensu mata na da kansa suna ciki, akasarinsu an yi wa uwar kemo. Suka gwada ƙwaƙwalwarsu da zuciyarsu da girmansu, suka tarar ba su bambanta da sauran yara ba. Abin da ya fi taɓa ƙwaƙwalwar yaro shi ne a haife shi bakwaini, ko da kemo ko babu. Wannan ita ce amsar kawunku. Ciro ɗa a wata bakwai don kawai a samu damar soma magani tsohon tunani ne: uwa ta yi asarar sati shida ba magani, ɗa kuma ya fito huhunsa bai nuna ba.

Ba zan ce babu illa ba. Binciken da ƙungiyar nan tasu ta fitar a 2018 kan mata 1,170 ya nuna kashi 88 cikin 100 na masu ɗa guda a ciki sun haihu da rai, amma kusan rabi kafin lokaci, kuma kemo irin na kaboplatin yana sa ɗa ya zo ƙarami. Shi ya sa ake yawaita sikanin ana auna girmansa. Ana kuma tsayar da kemo kamar sati uku kafin haihuwa, don jinin uwa da na ɗa su farfaɗo.

Sai maganar da kika gani a waya. Ƙulli a saman ƙashin wuya, in dai daga huhun ya zo, yana nufin ciwon ya tashi daga inda ya fara, wato mataki na 3 ko na 4. Ba ƙaramin abu ba ne, ba zan rage miki ba. Kansar huhu da ciki abu ne da ba a cika gani ba. Wani nazari na 2016 mata 66 kawai ya iya tattarowa daga duk rahotannin likitocin duniya. Yawancinsu an gano su a makare, da yawa ba su jima bayan haihuwa ba, jariran kuwa akasari lafiya lau. Sai dai mafi yawan waɗannan matan sun yi jinya ne kafin zuwan magungunan yanzu, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne.

Mace mai ƙuruciya da ba ta taɓa shan taba ba, sau da yawa kansarta na tasowa ne daga wani canji guda a ƙwayar halitta, an fi samun biyu: ALK da EGFR. A wani babban asibiti a Boston ta Amurka an duba mata takwas da aka gano da ciwon suna da ciki ko suna jego, duka takwas ɗin na da ɗaya daga cikin biyun. Kowannensu yana da ƙwayar sha da aka yi takanas dominsa. A 2024 aka fitar da sakamakon shekara biyar na maganin lolatinib ga masu ALK da ciwonsu ya riga ya bazu: kashi 60 cikin 100 suna raye kuma ciwon bai ci gaba ba, alhali a tsohon maganin kashi 8 ne. Ga masu EGFR akwai osimatinib. Waɗannan ƙwayoyin ba a saba ba masu ciki ba don bayanai a kansu kaɗan ne, an fi ajiye su sai an sauka. Suna da tsada ƙwarai, gwajin ma ba ko'ina ake yi ba, sau da yawa sai an aika tsokar wani gari. Amma in ana tara kuɗi a dangi, ni dai a kan gwajin nan zan ce a fara kashewa. Tsokar da aka ɗiba tana nan a ɗakin gwaji, an daskarar da ita cikin kakin kyandir. Ku tambaya ko ta isa a yi gwajin da ita.

Kar ku ji tsoron hoto. Siti sikan na ƙirji, hasken da ke kaiwa ga ɗan kaɗan ne, kuma ana yin wani hoton da ake kira MRI ba tare da allurar rini ba. In ba a san inda ciwon ya kai ba, lalube za a yi a duhu.

Baban yara, Mai'aduwa: Baiwar Allah, ku haɗa da na gargajiya. Akwai masu ba da sassaƙe da habbatus sauda da zuma, mutane na dacewa. Asibiti in suka sa kemo sai dai gawa.

Ungozoma mai ritaya, Daura: Malam, ka ji tsoron Allah. Shekara 30 na yi a ɗakin haihuwa, na ga matan da aka riƙe a gida ana ɗura musu jiƙo har sai da numfashi ya gagara sannan aka kwaso su a bayan mota. In ta cika a asibiti a ce kemo ne, ba a ce watannin da aka ɓata ba ne. Zuma abinci ce, ta sha. Tofi da addu'a kullum. Amma sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ga mai ciki, ga hantar da ta sha maganin tarin fuka wata uku, a'a.

Ɗiyata, ga abin da nake so ki riƙe. Ciki da ciwon kansa in suka haɗu jini na saurin daskarewa a jijiya. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ta yi tarin jini da yawa, ko zazzaɓi bayan an sa kemo, ko ɗan ya rage motsi: ko tsakar dare ne ku kama hanya, kar a jira gari ya waye. Daura zuwa Katsina ba nan kusa ba ne ga mai haki, in da dangi a birni gara ta koma can da zama. Ta haihu a asibitin da ke da ɗakin jarirai. Kuma ki faɗa wa Inna tun yanzu cewa mabiyiya ba za a ba ku ku binne nan take ba, sai an kai ta gwaji, don wannan ciwon kan sauka a mabiyiya jefi-jefi, duk da ba kasafai yake kaiwa ga ɗan ba. Nono kuma ba za ta ba shi ba in tana kan magani. Ku soma tunanin madara ko mai shayarwa a dangi. Wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta, a yafe mata su. A kuma raba ta da murhun itace, hayaƙin nan ba abokin huhu ba ne ko ga mai lafiya.

Wata da ta ga jiya: Ni tawa ta nono ce, ba ta huhu ba, amma da ciki wata biyar aka gano, kamar ita. Sau huɗu aka sa min kemo kafin in haihu. Ranar farko na ɗora hannuna a ciki tun da aka ɗaura ruwan har ya ƙare, ina jiran in ji ya daina motsi. Yana ta shure-shurensa. Gashina ya zube tas, har gira, shi kuwa ya fito da suma cike da kai, nas ɗin ma sai da ta yi dariya. Yanzu yana aji biyu a firamare.

Ku faɗa mata. Ni sati biyu aka ɓoye min, kuma wallahi sati biyun nan sun fi min kemo ciwo. Kowa ya shigo sai ya kau da ido, ana ƙus-ƙus a tsakar gida, in na fito a yi tsit. Jikinta ne, ɗanta ne, ita za ta sa hannu a takarda. Ta yaya za a zuba wa mutum magani gashinsa ya zube bai san na mene ne ba? Ki zaɓi lokacin da yara ba sa nan, mijinta na zaune, ki faɗa mata a hankali, ki bar ta ta yi kukanta.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Marusa: Allah ya ba da lafiya. A sanar da surukarta cewa neman magani umarni ne na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba rashin tawakkali ba ne. Ciki ya wuce kwana 120, an busa rai, ba a taɓa shi sai likitoci amintattu sun tabbatar ran uwa ba zai tsira ba sai da haka. Tunda ga hanyar da za a yi wa uwa magani ɗa na nan, ai Allah ya kawo sauƙi. Mijin ya tashi daga zaure, shi ne shugaban gidan, kar a bar mata da yanke wannan hukunci su kaɗai.

Ma'aikacin lafiya, Katsina: Ƙari kaɗan. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ga kuma Shika a Zariya da Malam Aminu Kano a Kano. Ku nemi likitan ciwon kansa da likitan mata su zauna kan fayil ɗinta tare, kar kowa ya riƙa rubuta nasa. Asusun tallafin kansa na gwamnatin tarayya da kansar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, amma duk da haka ku je ofishin walwalar marasa lafiya ku kai kukanku. Kuma ga sauran 'yan uwa: wanda aka ba maganin tarin fuka, gwajin kaki bai nuna ba, ya yi wata biyu ba sauƙi, ya koma a sake bincike. Kar a ce sai an cika wata shida.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Likita, na karanta wa mijinta amsarka sau biyu, shi ya je ya samu mahaifiyarsa da kansa. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina cewa a'a.

Jiya bayan isha'i na faɗa mata. Tana kishingiɗe da filo uku a baya, don ba ta iya kwanciya miƙe. Ta ce, "Yaya, ai na sani, tun ranar da Inna ta daina yi min faɗa." Ta tambaya ko maganin zai taɓa ɗan, na faɗa mata abin da kuka ce, har da sumar yaron 'yar uwarmu. Ta ce to a sa mata.

Alhamis za mu tafi Katsina, za ta zauna wajen gwaggonmu, yaran suna wajena. Abin da ya rage ban gane ba shi ne tsokar nan ta cikin kakin kyandir. Mu za mu je ɗakin gwajin mu karɓo, ko likita ne zai rubuta a aika? Kuma sakamakon yakan ɗauki kwana nawa, za a jira shi ne ko za a soma kemo kafin ya dawo?