Haɗa sabuwar laftof da tsohuwar monita: abin da kowa ya gani

Mai shagon buga takardu, Agege:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na sayi sabuwar laftof wadda ba ta da kafar VGA, sai HDMI ɗaya da USB-C biyu, alhali monitar da nake aiki da ita mai inci 19 ce, tun ta zamanin kwamfutar tebur, kuma shuɗiyar kafar nan mai ramuka 15 kaɗai na san tana da ita. Na sayo waya mai kan HDMI a gefe guda da kan VGA a ɗaya gefen, na jona, na ɗaure kusoshinta tamau, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin, fitilar monitar tana ta ƙyaftawa. Lafiyarta ƙalau, ba na son in jingine ta. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya fita.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Wa alaikumus salam, Alhaji. A nan Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini wannan ƙorafi ba, kuma sau da yawa laftof da monita duk ba su da laifi. VGA tsari ne da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, siginar analog yake ɗauka, ita kuwa HDMI dijital take aikawa, saboda haka lamarinsu kamar na baƙon da ya sauka Mile 12 ne bai iya Yarabanci ba, abokin cinikinsa kuma bai iya Hausa ba, sai da tafinta. Zallar waya ba ta yin wannan fassara. Abin da za ku nema shi ne adafta mai ɗan akwati da ke da cif, wato ɗan abin lantarkin da ke yin fassarar, a ciki, kuma ku karanta kwalin da kyau, domin hanya ɗaya take bi: wadda aka rubuta HDMI zuwa VGA ita ce taku, wadda aka rubuta VGA zuwa HDMI kuwa ba za ta yi muku komai ba ko da kawunan sun shiga daidai. Ni na fi ba mutane mai ɗan ramin caji a gefe, saboda wasu laftof ba sa ba adafta isasshiyar wuta ta kafar HDMI, sai hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Malamar makaranta, Idi-Araba:

Ni ta USB-C na bi, kuma na sha mamaki. Adafta ɗaya ce ta yi aiki nan take a laftof ɗina, amma da maigidana ya jona ta a tasa ko motsi allon bai yi ba, har muka ɗauka ta ƙone. Daga baya muka gane cewa ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba, sai wadda ke ɗauke da tsarin aika hoto na DisplayPort ko na Thunderbolt, ta Thunderbolt kuwa galibi ana zana mata alamar walƙiya. Kafar laftof ɗinsa ta caji da kwafar fayil ce kawai. Alhaji, ku kuma lura da sauti, domin VGA ba ya ɗaukar murya. Ranar da na ari adaftar HDMI don darasin Zoom sai na daina jin ɗalibaina gaba ɗaya, ashe Windows ta mayar da sautin kan adaftar, sai da na shiga saitin sauti na dawo da shi kan lasifikar laftof.

Akawun 'yan gwari, Mile 12:

Kafin Alhaji ya sake kashe kuɗi, ina roƙonsa ya juya monitar ya leƙa ƙarƙashinta da tocila. Tawa na shekara ina amfani da ita ban san tana da farar kafar DVI ba, ƙura ta rufe ta. DVI da HDMI irin sigina ɗaya suke aikawa, don haka waya mara cif ta wadatar, lambobin lissafina kuma suka fito tar, fiye da yadda suke ta VGA. Idan babu DVI, to bayan jona adafta a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi faɗaɗa allo, domin idan aka zaɓi kwafi sai monitar da ba mai faɗin allo ba ta ɗauki fasalin laftof, rubutu ya miƙe ko ya dusashe.

Mai shagon buga takardu, Agege:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na leƙa, tawa ba ta da DVI, saboda haka na ɗauki laftof ɗin na tafi Ikeja, na ƙi biya sai da aka gwada adaftar a gabana. Da na dawo shagona hoton ya fito a karkace, amma da na sa 1280 da 1024 a saitin allo na danna maɓallin Auto na jikin monitar sai ya zauna. Abu ɗaya ya rage: idan aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, wasu siraran layuka suna yawo a allon daga ƙasa zuwa sama, kuma suna ɓacewa da zarar na cire cajar laftof.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Alhaji, wannan hayaniyar wuta ce da ke bin caja ta shiga siginar analog. Ku samo gajeriyar wayar VGA mai kauri, mai dunƙule a kusa da kowane kai, ku nisanta ta da wayar caja, sannan ku jona monita da caja a soket ɗaya. Idan layukan ba su tafi ba, ku ari wata cajar ku gwada kafin ku taɓa adaftar.